Darakta a Gonar Baba

Ƙanena mutum ne mai kunya tun yana ƙarami. Idan baƙi suka zo gidanmu a unguwar Muchia ta Sabon Gari, bayan randa yake ɓuya, sai sun tafi ya fito yana tambayar me suka kawo. Shekara huɗu na ba shi, kuma ni ce babba a gidan, saboda haka duk abin da ya kasa faɗa ni yake turowa in faɗa a madadinsa. A coci yana cikin mawaƙa, amma kullum a layin baya yake tsayawa. Mutane da yawa sun san muryarsa shekara da shekaru ba su san mai ita ba.

Babanmu tsohon hedimasta ne, kuma dattijo a coci. Bai taɓa ɗaga hannu ya doke mu ba, kallo ɗaya ta saman tabarau ya isa. Burinsa ƙanena ya karanta aikin gona, ya kuwa karanta, a jami'a a Samaru, ya gama lafiya. Ranar da ya kawo takardar kammalawa ya ajiye ta a gaban Baba, ya ce a hankali shi waƙa zai yi. Baba ya ɗauki takardar ya duba gaba da baya, ya tashi ya shige ɗaki da ita. Bai ce a'a ba, bai ce to ba. Daga ranar magana tsakaninsu ta koma gaisuwa zalla. "Ina kwana, Baba." "Lafiya. Ya hanya?" Haka aka yi ta tafiya kusan shekara uku. Ƙanena bai saki ɗakin da ya kama a Bomo, kusa da Samaru, tun yana ɗalibi ba, can ya ci gaba da zama da jitarsa. Ranar Lahadi ya hau bas zuwa Sabon Gari, ya yi sujada, ya ci abincin Mama, ya koma.

Ni kuwa ina koyarwa a wata firamare kusa da gida, kuma a duk danginmu wayata ce ta fi ɗaukar hoto mai kyau. Dalilin da ya sa na shiga wannan labarin ke nan. Ƙanena ya riga ya ɗauki waƙoƙi uku a wani ƙaramin situdiyo a Samaru, abokansa suka ce masa yanzu ba mai sauraron waƙa sai ya ga fuskar mai yin ta. Wata Asabar a farkon damina ya zo ya same ni ina wanki.

"Yaya, ki taimaka ki ɗauke ni bidiyo. Minti uku ne kawai."

Muka tafi tsohon layin dogo, inda taragun kaya suka daɗe a ajiye har ciyawa ta fito ta tagoginsu. Wurin ya yi kyau ranar. Hadari yana haɗuwa daga gabas, hasken rana ya yi laushi, tsatsar taragun ta yi ja kamar an shafa mata manja. Na saita waya, ya kunna waƙar, na ɗaga masa hannu. Sai ya ƙame. Hannuwa a gefe, ido a zare, kamar wanda za a yi wa hoton fasfo. Bakinsa yana motsi, amma sauran jikinsa ya tafi wani gari. Muka sake. Muka kuma sakewa. A karo na goma sha wani abu na ce masa ko yatsa ɗaya ya motsa, ya ce, "Yaya, da zarar na ga idon wayar nan sai in ji duk Sabon Gari suna ciki suna kallona."

Ruwa ne ya raba mu. Ya sauko gaba ɗaya, muka ruga zuwa bakin kasuwa muka faɗa rumfar wata 'yar kudu mai sayar da gwanjo, wadda kowa yake kira Madam. Ta san Mama, ta ba mu benci. Ƙanena ya jiƙe sharkaf yana rawar sanyi, sai ta jawo wani kwat daga ƙasan dila ta wurga masa. Ruwan ƙasa ne, mai faɗin kafaɗa, irin wanda mutum biyu kamarsa za su shiga su bar wa na uku wuri. Ya saka. Ya zura hannu a aljihu ya ciro wani tabarau da gilashi ɗaya ya fita. Ya saka shi ma. Ya juya ya kalli kansa a tsagin madubin da Madam ta jingina da bango.

Har yau idan na tuna sai in ga kamar ba a gabana aka yi ba, kamar wani ne ya ba ni labari ina gyangyaɗi. Ruwa yana dukan kwano, rumfar ta yi duhu-duhu, riguna a rataye suna lilo. Kafaɗun ƙanena suka tashi. Cikinsa da babu ya turo gaba. Ya juyo ya dube ni ta ramin da babu gilashi, ya yi magana da wata murya ta hanci da ban taɓa ji ba.

"Ke mai kyamara, ina mawaƙin nan? Wannan da ya tsaya kamar turken awaki? Shekara ashirin ina ɗaukar fim a ƙasashen waje, ban taɓa ganin mutum yana waƙar farin ciki da fuskar mai jiran allura ba!"

Madam ta saki dariya har ta zauna a kan dila. Shi kuwa ko murmushi bai yi ba. Ya shiga zagaya rumfar yana haɗa yatsu huɗu yana leƙa duniya ta tsakaninsu, yana zuba Hausa da Turanci da Burokan, Turancin 'yan kasuwa, a tukunya ɗaya. Ya umarci Madam ta kalli sama "da baƙin cikin wadda jirgi ya tafi ya bari". Ya ce wa ruwan sama ya rage ƙarfi, yana ɓata masa sauti. Ban san lokacin da na ɗaga waya na fara ɗauka ba. Da ruwa ya tsagaita za mu tafi, ya cire kwat ɗin zai mayar, Madam ta ce Allah ya kiyaye, kwat ya ga mai shi, ya tafi da abinsa.

Haka Darakta ya shigo rayuwarmu. Ba mu taɓa ba shi wani suna ba, shi ma bai nema ba. Cikin 'yan makonni ya samu hular sanyi mai tuntu, ya samu mazurarin masu sayar da fetur ya mai da shi lasifika. Ƙasar da ya ce ya yi karatun fim a cikinta kullum sauyawa take yi. Bai taɓa yarda shi da mawaƙin mutum ɗaya ba ne. "Yaron nan" yake ce masa, kuma kullum ƙararsa yake kawowa. Yaron nan bai iya tafiya ba, yaron nan bai iya kallon nesa ba, yaron nan ya zo aiki bai ci abinci ba. Yana ba awaki umarni. Wata rana a bakin dam ɗin Samaru ya sa mazurari a baki ya daka wa wani gajimare tsawa ya matsa hagu. Muka tsaya muna kallo, ni da ɗalibai uku da suka zo wucewa. Can gajimaren ya matsa da kansa. Darakta ya juyo ya ce, "Kun gani? Horo ke nan."

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne abin da yake biyo baya. Idan Darakta ya gama zazzaga wa mawaƙin faɗa, sai ya zagaya bayan bishiya ko bayan gini, ya tuɓe kwat da hula, ƙanena ya fito. Kuma sai ya yi waƙar. Ya motsa, ya ɗaga hannu, ya kalli idon waya kai tsaye. Na tambaye shi yadda aka yi, ya ce, "Duk abin da nake tsoron mutane su faɗa a kaina, shi ya riga ya faɗa. Me ya rage?"

Daminar nan gaba ɗaya a raina kamar yammaci ɗaya ce mai tsawo. Ina tuna hazo a kan ruwan dam da sassafe, da wani masunci a kwalekwale wanda Darakta ya sa ya wuce sau shida, shi kuma ya yi ta wucewa yana dariya. Ina tuna matan layin masu kifi a kasuwa sun ajiye wuƙaƙe suna rawa, da ƙamshin gasasshiyar masara a bakin titin Basawa, da matan barikin soja da suka fito kallo da jarirai a baya. Ina tuna mu biyu a bayan a-daidaita, kwat a naɗe a cinyarsa kamar kyanwa mai barci, gonaki suna wucewa kore shar. Ban iya jera su wanne ya riga wanne ba.

Muna sakin waƙa, muna haɗawa da guntun Darakta a gaba. Ɗaliban Samaru suka ɗauka suka yi ta tura wa juna. Kafin a yi nisa, idan ƙanena ya shiga bas sai ka ji an ce, "Kai, ba kai ne Darakta ba? Yi mana akshin!" Yaran ajina suka fara naɗe takarda suna yi wa juna ihu lokacin hutun tara. Da farko abin ya yi masa daɗi. Daga baya na lura abin ya fara damunsa. Wata Lahadi muna wanke kwanuka a bayan gida ya ce, "Yaya, kin san ba wanda ya taɓa tare ni ya ce waƙar ta yi daɗi? Kowa shi yake tambaya." Na miƙa masa tukunya ya ɗauraye.

A cikin wannan halin ne ya rubuta waƙar gona. Baba yana da gona a bayan Bomo, wadda ya saya tun yana aiki, kuma tun da ya yi ritaya kusan kullum can yake wuni. Yakan wuce ta ƙofar gidan da ƙanena yake haya a kan babur ɗinsa, bai taɓa tsayawa ba. Ƙanena kuma yakan ji ƙarar babur ɗin ya gane, bai taɓa fitowa ba. Waƙar a kan haka take, ko da yake bai ambaci kowa ba: wani dattijo da yake sammako, da raɓa a ƙafar wandonsa, da masarar da ta fi shi tsawo. Da ya rera mana ni da Mama a kicin, Mama ta juya baya tana gyara itacen da ba ya bukatar gyara.

"Shi nake so ya fito a ciki," in ji ƙanena. "Yaya, ko za ki yi masa magana?"

Kafin in amsa Mama ta ce, "Ka bar yayarka ta huta. Ka aiko wancan marar kunyar mai kwat."

Mun ɗauka wasa take yi. Amma Lahadin da ta biyo, bayan an taso daga coci an ci abinci, Baba yana zaune a gindin gwaiba yana karatu, sai muka ji ana ƙwanƙwasa ƙofar gida, ana sallama ta hanci. Na buɗe. Darakta ne, da hula da mazurari, gumi yana tsattsafo masa don rana ake yi sosai. Ya wuce ni kamar bai san ni ba. Ni da Mama muka maƙale a ƙofar kicin.

Baba ya ɗago ya dube shi ta saman tabarau. Ya daɗe yana dubansa, tun daga hula har takalmi. Sai ya rufe littafinsa, ya kira ni.

"Kawo wa baƙo kujera. Ki haɗo da ruwa."

Darakta ya zauna ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, abin da ƙanena bai taɓa yi a gaban Baba ba. Ya ce ya zagaya duniya yana neman fuskar manomi na gaske bai samu ba, sai da aka yi masa kwatancen wani dattijo a Muchia. Ya ce aikin na yini ɗaya ne, kuma abin takaici dole a yi shi da wani yaro mawaƙi wanda bai san komai ba.

"Na san yaron," in ji Baba. "Yaushe ne aikin, ranka ya daɗe?"

"Asabar, ƙarfe bakwai. Ba na son latti."

"Ni ma haka," in ji Baba, ya buɗe littafinsa.

Ranar Asabar Baba ya riga mu isa. Watan Agusta ne, masara ta yi goyo, ta fi kowa tsawo, ganyenta yana ɗigar ruwan daren jiya. Muka tarar da shi a bakin gona cikin farar babbar rigarsa ta zuwa bikin aure, da hula, da takalmi sau ciki da ya sha goga. Darakta ya tsaya ya kama kai.

"Wa ya ce maka ɗaurin aure za mu? Manomi nake so! Ina kayan aikinka?"

Na rufe ido. A rayuwata ban taɓa jin wani ya yi wa Baba magana haka ba. Da na buɗe, sai na ga Baba ya nufi 'yar bukkar da yake ajiye fartanya. Ya fito cikin tsohuwar rigarsa mai faci a kafaɗa da malafa da takalmin roba, ya tsaya ya ce, "Haka ya yi?"

Aikin bai da wuya a faɗe: Baba zai taho ta tsakanin kunya biyu, fartanya a kafaɗa, ya wuce ta gabana. Amma Baba shekara talatin da wani abu yana zagaya azuzuwa, tafiyarsa ta mai duba makaranta ce. Ya taho ƙirji a gaba, yana kallon masara dama da hagu kamar zai tambaye ta aikin gida.

"Kat!" Darakta ya yi ihu ta mazurari. "Dattijo, masarar nan ba ta yi latti ba! Sassauta!"

Baba ya koma ya sake tahowa. Wannan karon ya sassauta har ya yi kamar marar lafiya. Kat. Ya sake, ya kalli waya ya yi mata gaisuwa da kai. Kat. Ya sake, malafa ta maƙale a ganye. Wasu mata 'yan Bomo da suka fito neman ganyen miya suka tsaya a kan iyaka suna kallo, suna toshe baki da gefen zane. Sau tara Baba yana tahowa yana komawa. A na goma ne ya gaji, ya manta da mu. Ya taho yana tafiyarsa ta kullum, ya tsaya a tsakiya ya kama wani goyon masara ya ɗan matsa ya ji ƙwarinsa, ya cire wata ciyawa ya yar, ya wuce. Rana ta ratso ta cikin ganye ta sauka a kan malafarsa. Darakta bai ce kat ba. Ni na tsayar da ɗaukar da kaina da na ga Baba ya ɓace a ƙarshen kunya.

Muka zauna hutawa a gindin ɗorawar da take tsakiyar gonar. Mama ta haɗo mu da kunun zaƙi a jarka, na zuba wa kowa. Iska tana kaɗa masara, ƙararta kamar ruwa yana tahowa daga nesa. Darakta yana zaune a kan saiwa, har yanzu cikin kwat. Baba ya sha kunu, ya goge baki, ya dubi gona, ba shi ba.

"Ranka ya daɗe, tunda kai kana ganin yaron nan kullum, akwai saƙon da zan ba ka."

Darakta ya gyara tabarau. "Ina ji."

"Ka ce masa a baiti na biyu ya sa maimai kafin noman fari. Mutum ya yi shekara biyar yana karanta aikin gona, a ce bai san wanne ke gaba ba. Manoma za su ji, za su yi mana dariya."

Na dubi ƙanena. An ɗauki waƙar a situdiyo, amma ba a sake ta ba tukuna. A wayar Mama kaɗai take, shi ya tura mata.

"A ina ka ji ta?" Muryar hancin ta ɗan zame.

"Uwarsa takan bar waya a gida idan za ta kasuwa," in ji Baba. "Duka huɗun na ji. Ta layin dogo ta fi sauri, ban cika gane abin da yake faɗa ba. Amma wannan ta zauna." Ya juya kofin a hannunsa. "Akwai abin da bai sani ba. Uwata, kakarsa, ita take ba da waƙa idan ana gayya a ƙauyenmu. Tun daga wani gari ake zuwa ɗaukarta. Ya taso ba ta da rai, bai taɓa jin ta ba. Ranar da na fara jin sa a waya sai da na tashi na leƙa tsakar gida. Muryarta ce, har yadda take karyawa a ƙarshen baiti."

Wata kurciya tana kuka a saman ɗorawa.

"Ta sha wahala da waƙar nan," Baba ya ci gaba. "Ana yi mata tafi da rana, a yi da ita da yamma. Ni na gani da idona, ina yaro. Shi ya sa da ya zo mini da maganar na rasa abin cewa. Na ce bari in yi tunani. To, ka ga tunanin ya yi tsawo." Ya ɗan yi dariya. "Ka ce masa ban yi fushi ba. Tsoro na ji. Ka ce masa haka."

Darakta ya buɗe baki. Na ga yana neman muryar hancin, ta ƙi zuwa. Ya ɗaga mazurari kamar zai yi magana ta ciki, ya sauke. Da ƙyar ya ce, "Zan isar." Ya tashi ya shige cikin masara ta wajen bukka, inda aka ajiye jita, ganye ya rufe bayansa.

Mun daɗe muna jira. Baba ya miƙo kofi na ƙara masa kunu. Ya tambaye ni labarin makaranta, ko an gyara rufin ajin da yake yoyo, na ce an gyara. Matan nan na kan iyaka sun tafi. Gajimare suna wucewa a hankali ta saman dutsen Kufena can nesa, inuwarsu tana bin gonaki ɗaya bayan ɗaya. Na ji kamar in kwanta a wurin in yi barci, in farka in tarar muna yara.

Da masara ta buɗe, ƙanena ne ya fito, da 'yar shat ɗinsa, jita a hannu, idanunsa sun yi ja. Ya zo ya durƙusa a gaban Baba.

"Ina wuni, Baba."

"Lafiya. An ba ka saƙo?"

"An ba ni."

"To, gyara baitin mu ji."

Ya zauna a kan saiwar ya yi ta gwada kalmomi a hankali, yana cirewa yana sakawa, har noman fari ya dawo gaban maimai ba tare da waƙar ta karye ba. Sannan ya rera ta daga farko. Ba mu kunna ta situdiyo ba, shi da jita ne kawai da iska. Baba yana gefensa, malafa a gwiwa, yana kallon ƙasa. A baiti na uku na ga babban yatsan ƙafarsa yana motsi cikin takalmin roba. Na ɗauka duka, hannuna yana rawa, shi ya sa hoton wurin yake ɗan lilo kamar an ɗauke shi daga cikin kwalekwale. Ƙanena ya ce a bar shi haka.

Wannan bidiyon ne kaɗai muka saki babu Darakta a gabansa. Bai yi yawo kamar sauran ba, ɗalibai ba su tura wa juna shi sosai ba. Amma wasu mutane dabam suka same shi. Wata malama a makarantarmu ta tare ni a baranda ta ce ta kalla ta kira babanta a ƙauye. Madam mai gwanjo ta ce ba ta gane rabin Hausar ba, amma ta yi kuka, kuma a gaya wa mai kwat kada ya kuskura ya yi ritaya. Bai yi ba. Har yau yana nan, har wasu mawaƙan coci suna gayyatarsa ya shirya musu nasu bidiyon da gaske, kuma ya iya.

Baba bai ga bidiyon ba sai Lahadin da ta biyo bayan fitarsa. Bayan an ci abinci ƙanena ya jawo kujera kusa da shi a gindin gwaiba, ya riƙe masa waya. Ni da Mama muna kicin muna leƙe. Baba ya kalla har ƙarshe. Ya ce a sake. Aka sake. Sai ya cire tabarau ya dubi ƙanena.

"Sau goma na yi tafiyar nan. Ina sauran tara?"

"Baba, ba su yi kyau ba."

"Ta uku ta yi kyau. Na ji a jikina."

"A ta uku ka gaida waya."

"To laifi ne mutum ya yi gaisuwa?"

Ƙanena ya ce a fim laifi ne. Baba ya ce to fim ɗin ba shi da tarbiyya. Daga nan suka wuce kan dalilin da ya sa aka nuna gefen gonar da ciyawa ta fi yawa, suka wuce kan irin masarar da ya kamata a shuka baɗi, inda ƙanena ya ce wanda Baba yake shukawa ya tsufa, Baba ya ce shi ma ya tsufa kuma yana nan. Murya tana tashi tana sauka. Har ƙanena ya katse Baba a tsakiyar magana, Baba ya ce bari in gama mana, ya ce yi haƙuri, ya kuma sake katse shi.

Rana ta yi sanyi, lokacin da ƙanena ya saba tashi ya nemi bas ɗin Samaru ya wuce. Na ce wa Mama ko in tuna masa. Ta kama hannuna ta zaunar da ni a kan turmi, ta miƙo mini tiren wake.

"Tsince," ta ce. "A nan zai ci na yamma."